Zomon Ragnhild

A Luleå, inda dare ke cinye rana tun azahar,
Ragnhild Öhrn ta shekara arba'in tana murza yumɓu.
Ta ƙera kawunan attajirai don kuɗin haya,
da mala'ikun kan kabari masu fuskar gyangyaɗi.
Ba wanda ya riƙe ko ɗaya a ka.

Sai wani hunturu, yatsu sun fara ƙin umarni,
ta hangi zomo ta tagar ɗakin aiki,
ƙafa ɗaya a sama, kunne ɗaya a karkace,
yana sauraron abin da ƙanƙara ba ta gaya wa kowa.
Daƙiƙa uku. Ya ɓace.

Wata bakwai tana farautar daƙiƙun nan da kakin zuma.
Sau huɗu tana rushewa.
Ran zubi, Halvar maƙeri ya karkata tukunya,
tagulla ta gangaro ja wur,
ta zauna a gurbin da kaki ya bari.
Ta ce, "Ka gani? Sai wanda na shafa da hannuna ya narke
kafin a sami mai daɗewa."

Ga shi can gaban laburare.
Iskar teku ta shafe shi da kore,
ban da kunnen hagu,
da tafukan yara suka goge ya koma zinariya.
Karnuka kan yi masa haushi, su wuce da kunya.

Gansakuka ta ci rabin sunanta a gindin dutsen.
Shi kuwa bai sauke ƙafar ba.
Yana jira ƙanƙara ta ƙarasa magana.