Ina Sassaƙen?

A bakin Kwara, ƙasan kasuwar Yauri,
inda Baba Arzika ya shekara arba'in
yana fitar da jirgi daga cikin maɗaci,
na kwance bakin gyalena
na ɗora masa abin a tafin hannu.

Ya jinjina. Ya sake jinjinawa.
"Tumba, wannan ƙarfe ne
ko busasshen ƙashin giwan ruwa?"

Ƙarfe ne, Baba, taitaniyom ake ce masa.
A gaɓar fiffiken jirgin sama yake zama,
sanyi na cizonsa ta dama,
wuta na huci ta hagu,
tsatsa kuwa ba ta san ƙofarsa ba.

Ya kai shi ido, ya hango rana ta cikinsa,
ramuka cikin ramuka kamar saƙar zuma.
"Da wane gizago kika shiga nan?"

Babu gizago. Gari ne, ya fi na gero laushi.
A shimfiɗa shi, bai kai kaurin ɓawon albasa ba,
haske mai tsinin allura ya bi ta kai
ya narkar da inda na zana masa,
a sake shimfiɗawa, ya sake bi,
sau dubu uku, kwana biyu da yini,
ina gadinsa ta bayan gilashi.
Da yayyafi kogi kan cika.

Can tsakiyar ruwa wani na jan taru.
Baba ya daɗe yana kallonsa.

"To, ina sassaƙen?"

Babu. Abin da hasken bai taɓa ba
sai a tankaɗe, a ajiye wa gobe.

Ya waiwayi tulin da ke bayansa,
wanda Inna ta dafa mu da shi har muka girma.
"Ni ragewa nake har jirgi ya fito,
kashi ɗaya ya hau ruwa, tara su shiga murhu.
Ke sana'ar zanzaro kika koyo.
Ga shi nan yana jidar laka tun ina yaro,
ban taɓa zaton malami ne ba."

Muka yi dariya. Tasa ta riga tawa ƙarewa.

"Nawa ya ɗauki albasa da tumaki,
ya ƙetare da mai naƙuda cikin dare.
Naku me yake ɗauka?"

Wani alhazai, Baba.
Wani ba shi da matuƙi,
yana shawagi bisa daji, yana neman masu bindiga.

"Daga can sama
yana rarrabe bindiga da fartanya a kafaɗa?"

Na ce ni gaɓa kawai nake ginawa.

"Haka na ce shekarar da nawa ya kife
da mutum sha ɗaya, ranar kasuwa.
Ba ni na yi lodi ba, kowa ya shaida.
Amma har yau akwai lungun da ba na bi."

Ya jefa ƙarfen a aljihu, wajen goronsa,
ya tofa yawu a hannu, ya ɗauki gizago.
Sara ɗaya, sara biyu,
sassaƙe ya faɗo kan ƙafata,
ja, da ɗumi, da warin ɗaci.

Na duƙa na ɗauka,
na ƙulle shi a bakin gyale
inda ƙarfen ya kwana.
Har na isa tasha
ina jin ya fi shi nauyi.