Sifili Bisa Sifili

La'asar ta yi sanyi ta iso shagona,
ƙarƙashin gadar Sakal, inda hayaƙin mota ke kwana,
Anti Zulaiha, ungozomar Mamobi,
da baƙar leda, faifan kwamfuta biyar na karo a ciki.
Ta ce, "Asibitinmu ya sauya na'urori.
Na goge komai da hannuna. Sidi nawa za ka saya?"

Na ce zauna tukuna.
Gogewar da kika yi, Anti,
cire suna ce daga ƙofar ɗaki,
mai ɗakin na nan ciki, kwance bisa tabarmarsa.
Ta yi tsaki. Na jona ɗaya.
Kafin shayinta ya huce
ga su nan suna fitowa layi-layi:
wadda ta yi ɓari, wadda aka auna jininta,
rana, sakamako, lambar waya, har lungun gida.
Ta dafe ƙirji tana salati.
Ni kuwa na kau da kai,
amma ido ya riga wuya sauri.
Suna ɗaya ya shige ni.

Uku tsofaffi ne, masu juyawa, masu gurnani.
Su maganinsu sananne ne:
sawun giwa ya take na raƙumi.
Na sa sifili ya bi su taki-taki,
sifili bisa ɓari, sifili bisa jini,
sifili bisa kukan da aka yi a bayan labule.
Aiki ne mai nawa, kamar tsince tsakuwa a buhun wake.
Yana saba'in da ɗaya cikin ɗari aka ɗauke wuta.
Na zagi duhu, na tada janareton Kwabena,
na koma farko.

Biyun ƙanana ne, sirara, ba motsi ba amo,
es-es-di, 'yan zamani.
Waɗannan kyanwa ce mai jego:
ka leƙa inda ta ajiye 'ya'yanta jiya,
ta kwashe su zuwa wani saƙo da ba ka sani ba.
Ka zuba sifili har gari ya waye,
wani abu na laɓe a inda hannunka bai kai.
Sai dai ka umarce shi daga cikinsa
ya jefar da makullin da ya kulle komai da shi.
Ɗaya ya ji, ya bi.
Ɗayan ya yi kunnen ƙashi.
Shi na kai bakin kwata da guduma,
na bi ƙwayoyinsa baƙaƙe ɗaya-ɗaya
har suka koma kamar garin gawayi.

Da safe na sake bincike, kamar ɓarawo a gidan kansa.
Ba kowa. Fili fetal.
Anti ta ƙi karɓar kuɗin faifan,
ta ma ajiye min sidi hamsin ƙarƙashin sukurdireba.

Sai dai sunan nan.
Ba shi da waya da zan jona,
ba umarnin da yake ji,
guduma kuwa ba ta shiga inda yake.
Na Ladidi ne, mai wake da shinkafa a hanyar Nima,
wadda ke ƙara min taliya ba tare da na roƙa ba.

Yau ma na tsaya gabanta.
Ta ce, "Mutawakkilu, idonka ya yi ja."
Na ce aikin dare ne.
Ta naɗe min a ganye, ta ƙara yaji,
na miƙa kuɗi, na tambayi yara.
Kakata kan ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.
Na ci a tsaye, na shanye ruwan leda,
na tare motar Sakal.