Juma'a Biyu Bayan Dashe

Ran da na dasa attaruhu a Dadin Kowa,
fangali arba'in, ruwa na shiga a hankali,
Goggo Hajjo ta tsaya kan kunya, ƙafa duk taɓo,
ta ce, "Giɗaɗo, ƙirga Juma'a biyu.
Kada ta uku ta tarar da fartanyarka a rataye."

Na ce to. Irin to ɗin nan na yara.

Ciyawar a lokacin gashin jariri ce,
da tafin hannu ma sai ka shafe ta.
Na duba, na yi dariya: wannan ce za ta ci ni?
Sai ga labari ana ɗora bene a Tumfure,
ana biyan lebura kullum, har da shinkafar rana.
Na hau mota da kwanon siminti a zuciya,
na bar wa gona sallahun jira,
kamar gona ta taɓa jin sallahu.

Kwana ashirin da shida.

Da na dawo, sai da na nemi shukata da ido.
Jiji ya kafa gari, ya haifi jikoki ƙarƙashin ƙasa,
kiri-kiri ya miƙe ƙafa daga fangali zuwa fangali,
zaƙi-banza ya kai mini gwiwa, yana sheƙi
da takin da na ci bashi na zuba.
Attaruhun kuwa ga shi can tsakiya,
siriri, ganye rawaya, wuya dogo,
kamar baƙon da aka cinye tuwo a gabansa.

Haushi ya ba ni ƙarfi, bai ba ni hankali ba.
Na shiga da fartanya ina sara har ƙasa ta yi kuka,
ban lura ya fara fure ba,
ban tuna saiwarsa a sama-sama take kwana ba.
Washegari fararen furanni sun zube a laka,
na tsuguna ina tsinta, ban san me zan yi da su ba.

Goggo ba ta ce ai na faɗa maka ba.
Da ta faɗa, da ya fi mini sauƙi.
Tana can nata gefen, a duƙe,
tana cire ɗai-ɗai da yatsu, tana yar wa akuya,
ta yi firi tun ina ɗaukar bulo,
ta yi maimai kafin fure ya buɗe ido,
yanzu inuwar barkonon ce ke yi mata noma.

A kasuwar Kwadon aka yi mana hisabi.
Buhunta goma sha ɗaya, jawur, har suna tsatsa hanci.
Nawa huɗu, na huɗun ma bai cika baki ba.
Dillali ya ɗaga, ya girgiza, ya dube ni.
Kuɗin bene na lissafa a hanya,
ba su kai buhu biyu ba.

Bana na sake dashe ran Laraba.
Na ɗaura igiya a ƙofar ɗaki, kullum ƙulli ɗaya.
Jiya Manu ya bugo waya, wai akwai aiki a Bajoga.
Na leƙa igiya: ƙulli goma sha ɗaya.
Na ce masa ina da baƙi,
ƙanana ne ƙwarai, ba su ma yi haƙori ba,
kuma so nake in sallame su da sassafe.