Kwalin Ƙarshe

Bayan tasha, a Birnin Kebbi,
rumfata ba ta fi tabarma biyu ba.
Shekara goma sha ɗaya ina rataye faya-fayan wasa
a igiya, kamar busasshen kifin Yawuri:
na ƙwallo a sama, na tseren mota a tsakiya,
na dambe da harbi can ƙasa,
inda idon uba ba ya saurin dubawa.

Na san ciwon faifai, na san maganinsa.
In ya karce, man goge haƙori da gefen riga,
daga cibiya zuwa baki, a hankali.
In ya ƙi tashi, a hura masa numfashi,
a mayar da shi, a yi tsit.
Yara bakwai, ko tari babu,
kunne a jikin na'ura
har a ji ya fara juyawa.

Zayyanu ya sayi na ƙwallo da ribar ƙanƙara,
wata guda yana tara ashirin-ashirin.
Ya rubuta sunansa a kai da jan biro.
Faifan nan ya kwana a Badariya,
ya yi mako a Gesse,
da salla ya bi ɗan gwaggonsa zuwa Jega.
An yi faɗa a kansa, an shirya a kansa.
Sunaye uku ne a ƙarƙashin nasa
ranar da ya yi dawowa.

Bara ya zo gaishe ni, gemu ya fito.
Ya dubi igiyar, ya kau da kai.
“Kawu, yanzu fa ba a zuwa kasuwa.
Sha biyun dare data ke araha,
ka danna, ka kwanta,
kafin asuba ya gama saukewa.”

Na ce, miƙo in gani.
Ya nuna mini hoto a bayan gilashi.
Na ce, ƙanenka fa, in ya zo aro?
Ya ce sai dai lambar sirri, ita kuwa ba a bayarwa.
Na ce, ranar da aljihu ya bushe,
wa zai karɓa ya ba ka rabin kuɗi?
Ya yi dariya, sannan ya daina.
Wai akwai wanda ya biya da gumin wata biyu,
masu shi suka rufe ƙofa daga can,
ya wayi gari babu ko kwalin nunawa.

Ba zan yi ƙarya don na tsufa a sana'a ba.
Nasu rana ba ta lanƙwasa shi,
ba a bin motar dare zuwa Kano dominsa.
Nawa ma rabi jabu ne, mu duka mun sani.
Kuma 'yata Luba, da ta ji na yi minshari,
wayata take zarewa.

Da kaka Arzika ya zo daga Ambursa,
laka har gwiwa, ya nuna kwalin ƙarshe.
“Wanga nawa? Duka nika so.”
Na ce, Baba, kana da na'ura?
Ya ce, “Jan-baki gare ni, sun kusa cinye shinkafa.”
Ɗari biyu da goma sha huɗu.
Ban ƙirga kuɗin ba, na taya shi ɗaurewa.

Ran Asabar na hau mashin na bi shi fadama.
Ga su nan a zare, daga kara zuwa kara,
iska na kaɗa su, rana na fashewa a kansu,
'yan ƙwallo, direbobi, sojoji, duk suna gadi.
Garken tsuntsu ya taso baƙi ƙirin,
ya zo daf, ya karkace, ya yi yamma.

Na kama ɗaya don ya daina haske mini ido.
Jan biron ya koɗe,
amma sunayen huɗu
har yanzu ana karantawa.