Alwatikar Taurari

A shagon Bappayo, bayan Tashar Dukku,
janareta na tari, ni ina gumi.
Ya ce, zagaye biyu za ki ɗaura,
ƙarami a cikin babba:
babba ya ƙirga layi,
ƙarami ya zuba taurari daidai lambar layin.

Na danna. Suka fito a jere guda
kamar tururuwa ta ji sukari.
Ashe ban ce su sauko ƙasa ba.

Na gyara. Ɗaya.
Biyu a ƙarƙashinsa.
Uku, huɗu, har biyar.

Sai dariya ta kama ni.
Ai haka Inna ke kasa tumatir
tun ba a haife ni ba,
sai dai ita daga gindi take farawa.