Ido Huɗu a Bayan Fijo

Ran Talata, Porto na shan yayyafi,
Amílcar ya turo hancin Fijonsa gareji,
bambarta duk tabo kamar goshin ragon karo.
Ya fito yana dafe da wuya.

"Telmo," ya ce, "ƙashin nan ya ƙi ni.
Gaba ina hango har kwale-kwalen kogin Douro,
amma likita ya hana ni waiwaye.
To wa zai duba mini baya?"

Na san layinsu.
Lungu ne da ko kyanwa sai ta karkace,
bango a dama, tukwanen fure a hagu,
can ƙarshe matakala ta zurma kamar rijiya.

Shekara talatin da ɗaya Graciete ce idonsa.
Takan sauko da silifa, rigarta na ƙamshin gasasshen kifi,
"Taho, taho, karya kan, taho,"
sai ta daki but da tafin hannu: tsaya.
Bana aka sa mata ƙarfe a ƙugu.
Hawa uku ne gidan. Ba ta iya.

Na buɗe kwali. Ido huɗu baƙaƙe,
kowanne bai fi maɓallin kwat ba.
Na ja tef, rabin mita daga ƙasa,
na ɗiga alli sau huɗu a layi ɗaya.

Injin huda ya kama cin roba,
tana zubowa a murɗe kamar ɓawon lemo.
Tsoho ya kau da kai. "A hankali, yaro.
Ita ta zaɓi launin nan ranar da muka saya."

Na ɗaga shimfiɗar but don in zura waya,
na tarar da rasit ya koɗe, da cokali,
da ƙwallon zaitun guda.
Ja na haɗa da fitilar ribas,
baƙa na ɗaure a jikin ƙarfe,
don abin ya farka in an sa giyar baya.

Na riƙe kwali, na tako a hankali.
Ɗit. Ɗit. Ɗit-ɗit-ɗit. Sai kuka ba yankewa.
Na ce, "Dabarar jemage ce:
ta yi kira, bango ya amsa, ta ƙirga nisa."
Ya ce, "Wane jemage ya taɓa fakin a Miragaia?"

Yuro casa'in. Ya ƙirga sau biyu,
ya ce in biyo shi in gani da idona,
in ta gaza in dawo masa da kuɗinsa
har da na waya.

Muka hau tudu, duwatsun titi na santsi.
Ya sa ribas, kafaɗa a sandare.
Na'ura ta soma, ta ƙara sauri, ta tsala ihu
da sauran taki da rabi kafin bango.
Ya take birki.
Hancin mota na nan tsakiyar hanya.

Sai taga ta buɗe a hawa na uku,
wani farin kai ya leƙo ta tsakanin shanya:
"Amílcar! Da saura! Taho!
Wannan abar taka matsoraciya!"

Ya saki birki kaɗan-kaɗan.
Na'ura na kururuwa, kunnensa na sama.
Ƙwal! Ta daki murfin tukunya da ludayi.
Na durƙusa na auna da hannuna:
yatsa huɗu cif, ba ƙarya.

Na laluba aljihu, ya riƙe mini hannu.
"Bar ta. Alhamis-Alhamis tana asibiti,
in sanyi ya shigo kuma tagar a rufe take.
Wannan ta kai ni rabi. Sauran..."
Bai ƙarasa ba. Ya goge ruwa daga idon farko da babban yatsa,
ya ɗaga kai iyakar yadda wuyan ya yarda.

"Ka manta burodin," in ji Graciete.
"Hawo haka nan. Kai ma, Telmo, goge hannunka,
akwai sauran miya."