Yatsu Huɗu a Kan Hasumiya

Ni ne Eusebio, mai riƙon mabuɗi.
Shekara talatin da takwas ina buɗe majami'ar nan
da ke jingine da tsohuwar ganuwa, a ƙauyenmu na Extremadura,
ina share kashin tattabaru, ina kunna kyandir,
ban taɓa ganin rufinta ba daga sama.

Matakalar hasumiya ta zube tun ina saurayi.
Aka ɗaura sarƙa, aka danna kwaɗo,
aka bar wa shamuwa wurin zama.

Ranar Talata da hantsi wata yarinya ta iso,
Itziar, daga can arewa bakin teku,
jakarta a goye kamar ɗa.
Ta ce ganuwa goma sha ɗaya ta ɗauka tun farkon bazara,
tamu ce ta sha biyu, ga takardar izini har da hatimi.
Na ce, 'yata, dutse ne da ciyawa,
me za ki gani da ya wuce mu?
Ta durƙusa a kan dakali, ba ta tanka ba,
ta zaro wani abu kamar gizo-gizo mai farfela huɗu,
ya yi ƙugi irin na zuma in an taɓa amya,
ya girgiza, ya yi sama.

Jirgi ba matuƙi, ga matuƙiyar a gefena,
manyan yatsunta biyu kaɗai ke aiki.
Ta karkato mini gilashin, na gyara tabarau.
Sai ga garinmu kwance kamar faifai:
gonar zaitun ta Casimiro, da yake cewa ta fi tawa
(ƙarya yake, yau na gani da idona),
shanyar Obdulia, rigunan mijinta uku,
maƙabarta, inda na san kowane layi,
da wani tsoho mai sanƙo, ya sunkuya yana leƙe.
Na daɗe kafin na gane ashe ni ne ma.

Ta sa shi ya kewaya hasumiya a hankali.
Ƙararrawa ta wuce, tsufa ya mai da ita kore,
sheƙar shamuwa, tulin ƙirare ya fi gadona faɗi.
Na ce tsaya. Koma baya kaɗan. Nan.
A bakin tagar gabas, cikin busasshen siminti,
tafin hannu ne, an danna shi da gangan.
Yatsu huɗu. Gurbin na biyar fayau.
Gwiwata ta saki, na laluba bango na kama.

Babana Fulgencio magini ne.
Dutse ya cinye masa ƙaramin yatsa tun ina rarrafe.
Shekarar da iska ta yaye rufin, shi ya hau ya gyara,
ya sauko ya ce ya bar mana gaisuwa a can.
Muka kwashe da dariya, innata ta ce giya ce ke magana.
Ya sunkuyar da kai ya ci gaba da shan miyarsa.
Mutum ne da ba ya maimaita zance,
har muka kai shi layi na uku, kusa da katanga,
ba wanda ya tambaye shi kuma.

Shamuwa ta dawo ta tarar da baƙo a ƙofar ɗakinta,
ta kaɗa baki, ƙwas-ƙwas-ƙwas, ta yo kansa.
Itziar ta yi ƙara, ta fizge shi gefe,
jan haske na ƙiftawa, batir ya ce ya gama.

Ta sauke shi a tafinta, cikinsa da ɗumi.
Na ce nawa zan biya? Ta girgiza kai.
Na naɗe mata rabin cuku da busasshen ɓaure a takarda,
ta tura hoton a wayar jikata Nuria,
ta kama hanyar Portugal ba ta ko sha ruwa ba,
akwai ganuwar da take so ta riska da hasken yamma.

Yanzu in na zo buɗe ƙofa da safe
nakan tsaya a fili, hula a hammata.
Daga nan ƙasa ba a ganin komai, sai bango da jelar shamuwa.
Duk da haka nakan ɗaga hannun dama,
in lanƙwashe ƙaramin yatsa,
in amsa gaisuwar da ta shekara sittin tana jirana a sama.